A goge mariƙin tsohuwar bindiga ko a ɗinke tsagar kawai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wata tsohuwar ƙaramar bindiga ƙirar Luger. Katakon mariƙinta na hagu ya tsage, wani guntu ya ɓalle daf da makullin tsaro, kuma guntun yana hannuna. An ce min in ban goge mariƙin duka da samfefa na shafa masa fanish ba, gyaran banza na yi. Haka ne?

Kafinta: Wa alaikumus salam. An gaya maka gaskiya. Katakon da ya shekara aru-aru yana shan man bindiga da gumin hannu ba ya riƙe gam. Sai ka kankare har ka iske lafiyayyen katako.

Mai tara tsofaffin makamai: Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Maganar man da katakon ya sha gaskiya ce, amma samfefa ba maganinsa ba ce. Man ya nutse ne cikin katakon, ba a sama yake ba. Abin da samfefa za ta ci shi ne ƙananan layukan da aka sassaƙa don kada hannu ya zame, kuma in sun tafi ba sa dawowa. Ɗan'uwa, juya bayan mariƙin ka duba. Sojan Jamus ya karɓi Luger a 1908, kuma da yawa ana buga lambobi biyu na ƙarshen lambar bindigar a cikin katakon. In sun dace da na jikinta, kana riƙe da na asali ne. Wurin nan da ya ɓalle kuwa sananne ne, yawanci garin cire mariƙin da gaggawa yake ɓallewa.

Kafinta: To da me zai fitar da man?

Mai tara tsofaffin makamai: Asiton, wato wani ruwan sinadari mai narkar da maiƙo. A ɗiga shi a bakin tsagar, a goge, a bari ya bushe, a maimaita har tsumma ya daina baƙi. A yi a wuri mai iska, nesa da wuta. Sannan gam mai haɗi biyu, wato ifoksi, don shi yana cike giɓi. Farin gam na katako yana son fuska biyu masu tsabta da suka haɗu tsaf. A matse da robar ɗauri, a share wanda ya tsattso tun bai daskare ba, a bar shi ya kwana.

Dattijo: Yarana, kun tsallake na farko. A zare gidan harsashi, a buɗe bindigar a leƙa ciki da ido a tabbatar babu ko ɗaya, kafin sukudireba ta taɓa ta. Kuma in za ka mayar, kada ka ɗaure sukurun da ƙarfi, matsi ma yana tsaga katako.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Akwai kuma wasu 'yan loɓa a gefen dama.

Kafinta: Wannan mai sauƙi ne. Ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle, ka taɓa da bakin dutsen guga mai zafi, tururi zai kumburo da wurin, muddin jijiyar katakon ba ta yanke ba. Na sauka daga kan samfefa, amma ba zan bar katako tsirara ba. Dole a shafa masa wani abu.

Mai tara tsofaffin makamai: Ɗigo biyu na dafaffen man linsid, wato man tsiro da ake shafa wa katako, a ɗan yatsa ya isa, ba fanish mai ƙyalli ba. Tsumman da ya sha man kuma a shanya shi a buɗe, don in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Mai tambaya: Na cire na duba yanzu. Lambobin sun dace da na jikin bindigar. Samfefa ba za ta taɓa shi ba.