Neman Sunan Hausa ga "Community College" da Ƙungiyar Malamanta

Malamai da masu aikin fassara, ina neman shawararku a kan wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina fassara wani bayani ne game da ƙungiyar nan ta Amurka da ake taƙaita sunanta da TACTYC (wato "Teachers of Accounting at Two-Year Colleges"), wadda ta haɗa malaman da ke koyar da lissafin kuɗi a makarantun da Amurkawa ke kira "community college", sai na ga babu yadda zan rubuta sunan ƙungiyar da Hausa matuƙar ban sama wa makarantun suna ba.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne "kwalejin al'umma". Da na karanta wa yayana jimlar, shi kuwa tsohon hedimasta ne, sai ya cire tabarau ya ce, "Mutanen wane gari ne suka yi karo-karo suka gina ta?" Gaskiyarsa ce, domin a kunnen Bahaushe makarantar al'umma ita ce wadda jama'ar gari suka tara kuɗi, suka buga bulo, suka gina da kansu, daga baya gwamnati ta turo malamai. Na Amurka kuwa yawancinsu na hukuma ne, da kuɗin haraji da kuɗin makarantar da ɗalibai ke biya ake tafiyar da su.

Tarihin makarantun ya nuna cewa su kansu Amurkawan sun daɗe suna sauya sunan. Wadda ake ɗauka ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka fara a 1901 da ɗalibai shida, bisa haɗin gwiwar William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago, da J. Stanley Brown, shugaban sakandaren garin. A lokacin "junior college" ake ce musu, wato ƙaramar kwaleji, kuma da wannan suna aka kafa ƙungiyar kwalejojin ta ƙasa a 1920. Rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa kan ilimi mai zurfi, wanda ya fito a 1947, shi ya yaɗa kalmar "community", amma sai a 1972 ƙungiyar ta saka ta cikin sunanta, sannan a 1992 ta yar da "junior" gaba ɗaya. Duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya ne bai sauya ba, shi ne karatun shekara biyu bayan sakandare, wanda ɗalibi ke gamawa ya kama aiki, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa digirinsa.

Wani abokin aiki ya kawo "kwalejin share fagen shiga jami'a". Wannan suna yana da mai shi a wajenmu, kuma rabin aikin kawai ya faɗa, don da yawa daga ɗaliban ba jami'a suka nufa ba. Akwai magidancin da ke wuni a wurin aiki, da dare ya zo aji ya koyi yadda ake rubuta kuɗin shiga da na fita a littafi, da yadda ake fitar da albashi da haraji, burinsa kawai ya riƙe asusun kamfanin da yake wa aiki. "Kwalejin kimiyya da fasaha" ta zama ta foliteknik. "Kwalejin jeka-ka-dawo" ta burge ni ƙwarai, tunda mafi yawan ɗaliban daga gida suke zuwa, sai dai duk wanda ya ji ta sakandare zai kawo a ransa.

Ni dai na tsaya a kan "kwalejin shekara biyu", kuma hujjata tana cikin sunan ƙungiyar malaman. Babbar ƙungiyar malaman lissafin kuɗi a Amurka, wadda aka kafa a 1916, da sunan malaman jami'a ta fara. Da malaman ƙananan kwalejojin suka tashi yin tasu, wato TACTYC, mai taro duk shekara a kan dabarun koyarwa, ba su ce "junior" ba, ba su ce "community" ba, sai suka kira kansu malaman kwalejojin shekara biyu. Na san wasu kwalejojin, musamman a jihar Florida, yanzu suna ba da digiri na shekara huɗu, amma wannan ƙari ne a kan aikinsu na asali.

Saura kalmar "accounting". Akanta mutum ne, shi ya sa muke cewa Akanta Janar, don haka "malaman akanta" zai iya nufin masu koya wa wani akanta karatu. "Lissafi" shi kaɗai darasin lissafi ne na makaranta, "binciken kuɗi" kuma aikin odita ne. Saboda haka na zaɓi "lissafin kuɗi".

Abin da na rubuta a fassarar ke nan: Ƙungiyar Malaman Lissafin Kuɗi na Kwalejojin Shekara Biyu. Ina roƙon 'yan'uwanmu na Nijar su faɗa mini yadda ya zauna a kunnensu, domin a tsarin karatun Faransanci "kwaleji" ƙaramar sakandare ce, kuma ina tsoron mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ya ɗauka malaman yara ake nufi.