Ƙibar Adda da Rigimar "Abincin Talakawa"

Adda ta Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Tun bayan Babbar Sallah da aka auna ni a asibiti, aka ce jinina ya fara hawa kuma nauyina ya wuce kima, na bar tuwon shinkafa, na bar taliya, na bar burodi, na koma cin abincin talakawa, wato dambun zogale da faten acca da kwaɗon rama, har yara suna leƙa kwanona suna dariya. Jiya na sake hawa sikeli, sai na tarar allurar tana nan daram inda na bar ta, rigar da na ɗinka bara kuwa har yanzu ba ta wuce kafaɗa sai da kokawa. Ni dai na yanke hukunci cewa mace idan ta haura shekara 45 jikinta ya daina ƙona abinci, ko ruwa ta sha kitse yake zama, kuma duk wannan surutun rage cin abinci wahalar da kai ne kawai. Mai ja ya fito ya faɗa.

Hamma na Bolari: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, amma kafin a je ga maganar sikeli ina so ki janye kalmar nan ta "abincin talakawa". Dambu da fate da kwaɗo su kakanninmu suka ci suka yi noma tun hantsi har la'asar, kuma ba mu taɓa jin an kai ɗayansu awon suga ba. Sannan ki aiki yaro kasuwa ya tambayo miki kuɗin mudun acca da na shinkafa 'yar gida, daga nan za ki gane wane ne talaka a cikinsu.

Goggo ta Kumo: Ka yi gaskiya. Mu da muka tashi a kan tuwon dawa da miyar kuka, ashe duk talauci ne muke ci ba mu sani ba. Ni abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne, mace ta haifi 'ya'ya, ta aurar, ta fara ganin jikoki, sannan ta ce sai ta koma kamar budurwa. Idan kika rame, dangin mijinki ba za su ce likita ne ya sa ki ba, cewa za su yi akwai abin da ke damun ki a gidan, ko kuma a ce ba ya riƙe ki da kyau. Jikin mace mutuncinta ne.

Maman Biyu: Goggo, Allah ya ja kwana, amma ni ban ga laifin Adda ba. Talaka ba zagi ba ne. Zogale a bayan gida yake fitowa, rama kuma ko kuɗi kaɗan kika bayar sai a cika miki leda, to idan ba abincin mai ƙaramin ƙarfi ba ne, na waye? Mace ta zo da damuwarta an bar damuwar an kama kalma ɗaya. Kuma masu kare martabar dambu a nan, mun san inda suke tsayawa da mota bayan sallar isha'i, ba wajen mai dambu ba ne.

Hamma na Bolari: Amarya, ki iya bakinki. Tsiren da nake ci da kuɗina nake saya, kuma ban zo nan na yi wa kowa kukan tumbi ba.

Nas ɗinmu: Adda, sannu da ƙoƙari, barin abin da aka saba ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ki ba ni dama in yi ja a kan hukuncin da kika yanke. A shekarar 2021 mujallar Science ta wallafa wani babban bincike da aka yi a kan mutane sama da 6,000 daga ƙasashe 29, tun daga jarirai har tsofaffi 'yan shekara 95, inda aka gano cewa yadda jiki ke ƙona abinci, idan aka yi la'akari da girman jikin, ba ya wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60, sai bayan 60 ne yake fara raguwa a hankali. Abin da ke sauyawa a shekarunki daban ne. Tsoka tana zaizayewa sannu a hankali tun daga shekara 30 idan ba a aiki da ita, zirga-zirga tana raguwa saboda yara sun girma sun karɓe sharar da wankin da aikan, barci yana lalacewa, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa. Akwai kuma sauyin da ke zuwa wa mata tsakanin 45 da 55, wanda ke sa kitse ya riƙa taruwa a ciki maimakon cinya, amma wannan zan yi miki bayaninsa ta waya saboda su Bappa suna nan.

Yanzu ga tambayoyina. Kwaɗon nan, ƙuli-ƙuli nawa ake daka masa, kuma man gyaɗa nawa ake kwarara masa? Na ga yadda ake haɗa dambu a gidajenmu: a juye shi a faranti, a soya mai da albasa a ludayi, a zuba har ya riƙa ƙyalli yana taruwa a gefe. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na sitacin da ke cikin hatsi ko na furotin da ke cikin nama kuwa 4 ne, shi ya sa cokalin cin abinci ɗaya na mai yake kai kalori kusan 120. Ruwa ba shi da ko ɗaya, don haka ba ya zama kitse. Sannan me kike sha? Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada a wuce wajen cokali 6 a yini.

Auta: Anti Nas, ba sai kin wahalar da kanki da lissafi ba. Ranar walimar da aka yi a Tumfure ni na miƙa wa Adda kular masa da hannuna, da gorar zoɓo mai sanyi, kuma kular ba ta dawo da nauyi ba. Allah ya huci zuciyar Adda, shaida kawai na bayar.

Adda ta Jekadafari: Auta, ni na goya ka, ka ji ko? Ranar biki ɗaya ce za ta rushe wahalar watanni? Ko so kake in je gidan mutane a kawo abinci in ce ba na ci, a ce na raina su?

Hamma na Bolari: To ai ga inda gizo ke saƙar. Masar nan, musamman irin ta mutanen Bauchi, a cikin mai take iyo tun daga tanda, sannan a bi ta da miyar taushe da man shanu, wasu ma har su barbaɗa suga. Wanda ya ci wannan ya dawo ya ɗora wa acca laifi bai yi adalci ba.

Maman Biyu: Yaya, ka bar Bauchi ta huta. Duk wanda ya taso daga Gombe zai wuce Jos ko Abuja, sai ya tsaya ya yi guzurin masar Bauchi, kai ma nan ka sha aiko ni in taho maka da ita. A gidanmu kakata kullum da safe masa take ci har ta haura shekara tamanin, kuma siririya ce har ta koma ga Allah. Ƙiba gado ce. Ku dubi hotunan gidan nan ku gani, duk matan zuri'arku haka suke da zarar sun yi haihuwa uku.

Goggo ta Kumo: Wace zuri'ar kike nufi? Ke da aka kawo jiya, har kin gama ƙidaya matan gidanmu? Mu ba mu gaji ƙiba ba, mun gaji rufin asiri ne.

Maman Biyu: Goggo, ɗazu ke kika ce jikin mace mutuncinta ne, yanzu kuma na ce kun gaje shi ya zama laifi. Tuba nake. Adda, ki rabu da su, akwai wani shayi da maƙwabciyata take kawowa, ana sha da dare, cikin mako guda za ki ga cikinki ya lafe. Zan aiko miki da shi ki gwada.

Nas ɗinmu: Don Allah kada a aika. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin filasko ne a ciki, ko wani abu mai sa yawan fitsari. Abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, kitsen yana nan, kuma ga mai hawan jini da ke shan magani hakan na iya rikita gishirin jiki ya taɓa ƙoda. Batun gado kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wasu jikinsu ya fi saurin tara kitse, amma ban da jini, tukunya da girman malmala ma gadonsu ake yi. Masa kuma shinkafa ce da suga da mai, ko a Bauchi aka soya ta ko a Gombe. Acca ma hatsi ce, idan aka cika kwano da ita babu wani bambanci mai yawa da shinkafa wajen kalori.

Abin da nake so Adda ta riƙe shi ne, ba a neman ta koma budurwa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taimaka wa hawan jini da suga, wato mai kilo 90 ta sauke 4 da rabi zuwa 9, a hankali, kamar rabin kilo a mako. A Amurka an yi wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2002, inda masu hatsarin kamuwa da ciwon suga da aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako suka rage hatsarin da kashi 58. Minti 150 ɗin nan tafiyar rabin awa ce da sauri, kwana biyar a mako. Sannan ta auna ƙugunta da tef ɗin tela, domin wani lokaci ƙugu yana raguwa sikeli bai nuna ba, kuma ga mace wuce santimita 88 alama ce ta hatsari. Idan kuma tana shan haɗin ƙwayoyin ciwon gwiwa da ake ƙullawa a kemis, ta kawo in gani, saboda wasu akwai irin sinadarin da ke cikin ƙwayar sa ƙiba ta "sha ka fashe".

Hamma na Bolari: Duk wannan boko ne. Ni tambayata ba a amsa ba: an janye kalmar ko ba a janye ba? Kuma ke Nas, da kika haɗa acca da shinkafa a kwano ɗaya, kin manta cewa acca ake ba masu ciwon suga?

Goggo ta Kumo: Kuma matar aure mai jikoki ce za ta fita titi tana sauri kamar wadda aka biyo? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Nas ɗinmu: Goggo, tsakar gida ma ta isa, ko ta riƙa zuwa Islamiyya da ƙafa maimakon Keke Napep. Hamma, ana ba su acca, amma da awo ake ba su.

Malam na Pantami: Jama'a a ji tsoron Allah, a daina gori da abinci, domin dukkansa ni'ima ce, babu na talaka babu na mai kuɗi. Shari'a ta riga ta ba mu ma'auni: kashi ɗaya na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi. Ga kuma azumin Litinin da Alhamis ga mai iko, da sharaɗin kada a rama da buɗa-baki abin da aka bari da rana, kamar yadda muke yi da Ramadan, inda ake jera ƙosai da soyayyen dankali da kunun gyaɗa kafin a tashi sallar magariba.

Auta: Malam ya goyi bayan Hamma ke nan, babu abincin talakawa.

Maman Biyu: A'a, cewa ya yi a daina gori, kuma kowa ya ga wanda ya fara goranta wa mutanen wani gari.

Adda ta Jekadafari: Ni na kawo kukana, ga shi an mayar da ni abin shari'a. Na ce na janye, abincin sarakuna ne, shi ke nan? Nas, gaskiya shayin safe ban bari ba, da madara da suga yadda na saba, kuma ba zan iya cin dambu gaya ba mai ba. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa jikin da nake da shi a shekara 30 ba shi ne wannan ba.

Bappa na Tudun Hatsi: To, ya isa haka. Na karanta komai tun daga farko, kuma ga abin da zaure ya tsaya a kai. An tabbatar cewa kalmar "abincin talakawa" kuskure ce, mai ita ta janye, Allah ya yi mata albarka. An kuma tabbatar cewa abincinmu na gargajiya, gero da dawa da acca da wake, shi ne lafiya, kuma duk wannan ciwo ya shigo ne tun da aka koma wa shinkafar waje da taliyar leda da lemon kwalba, abin da na daɗe ina faɗa a gidan nan ba a saurara. 'Yarmu ta asibiti ma bayaninta ya nuna haka, duk da ta tsawaita da alƙaluman Turawa. Batun masa ban ga amfanin tayar da shi ba, sai dai kowa ya san mai ya yi mata yawa. Maganar gado an yi ta ne cikin rashin sanin tarihin gidan nan, don haka an soke ta. Fita yawo a titi kuma a bar shi sai an shawarci maigidanta. Mai buƙatar acca mai kyau wadda aka tsince tsakuwarta, ko sabon gero, ya yi mini magana kafin Juma'a, kaya za su iso.

Nas ɗinmu: Bappa, Allah ya ƙara girma, amma ban ce gero da acca ba sa sa ƙiba ba. Na ce a rage mai da suga, a rage yawan abin da ake zubawa, a kuma motsa jiki. Adda, zan kira ki bayan magariba, ki ajiye mini ƙwayoyin da kike sha a kusa.

Bappa na Tudun Hatsi: An rufe wannan magana. Sanarwar gudummawar bikin watan gobe tana tafe.