Yaya kuke komawa inda kuka bar kursa?

Ɗan Harobanda: Salam ƴan uwa. Ina gyaran fayil mai tsawo, in haura sama in ƙara layuka, in na dawo wurin da na bar kursa (ɗan tsinken nan mai ƙyaftawa) ya ɓace mini. Ina riƙe lambar layi a kai amma ba ta amfani, layi na 340 ya zama wani abu daban tunda na ƙara rubutu a samanshi. Ku mi kuke yi?

Maman Nana, Tawa: Ni rubutun memuwar ɗalibbai (kundin gama karatu) nike bugawa a Word. Shift da F5 kawai, yana maida ka wuraren da ka taɓa na baya-baya, guda ukku. In wurin mai muhimmanci ne sai in sa mashi signet (alamar wuri), shi yana bin rubutun duk inda ya matsa.

Ɗan Harobanda: Na gode Hajiya, amma ni da Vim (wata manhajar gyaran rubutu) nike aiki.

Malam na Yantala: To ai kana zaune bisa maganin, ƙanena. Danna m sannan a, ka aje alama kenan, je ka yi gyaranka, in ka tashi dawowa 'a ta kai ka farkon layin, `a kuma ta kai ka daidai harafin. Alamar ba lamba ta riƙe ba, layin take bi, ka ƙara goma a sama ta sauka da goma. Abin da ya kamata ka sani shi ne in ka share layin da dd alamar ta tafi tare da shi, sannan in ka cusa kalmomi a farkon wannan layin ba ta matsawa gefe, sai ka faɗo kusa ba daidai ba. Babban harafi kamar mA ko kana cikin wani fayil yana maido ka. A kalabiyenmu (allon maɓallan rubutu) na AZERTY wannan ` ɗin wahala gare shi, AltGr da 7, shi ya sa na fi danna g sannan ; in bi gyare-gyarena baya ɗaya bayan ɗaya.

Sibar Wadata: Nan Notepad++ muke, Ctrl da F2 ka aje, F2 ka koma. Amma gaskiya ni @@@ nike bugawa a wurin in neme shi daga baya, ko wuta ta ɗauke in dai na yi ajiya yana nan cikin fayil. Sai dai kafin bugawa a takarda dole in bi in share su duka.

Ɗan Harobanda: Malam na gwada mA, na rufe Vim na buɗe tana nan wallahi. Ina yake aje ta ne?

Malam na Yantala: Cikin fayil ɗin .viminfo, kar ka share shi.