Wane batir zan sa wa ƙaramar tarakta mai shan gas?

Manomin Wurno:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Muna da tarakta Massey Ferguson 135 mai injin Perkins silinda uku, da ita muke huɗa da haro a fadama, mu ja tirela lokacin kwasar albasa. Batirin da ke kanta am 62 ne, irin na ƙaramar mota. Bai cika shekara ba ya soma ja da baya: da safe kik ya juya sau ɗaya ko biyu ya tsaya, sai an tura ta. Na zaga shaguna, kowa da tasa. Wani ya ce am 75 ya isa, wani ya ce sai N100, wato babban batirin nan mai am 100, wani ma ya ce in ɗora na sola mai am 200 in huta. Wanne ne daidai? Kuma mai ruwa ya fi ko rufaffe?

Mai Rewaya Sakkwato:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara cire na sola daga lissafi. An ƙera shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na awoyi, faranti masu kauri gare shi. Kik ɗin injin gas kuwa yana fizgar am 300 zuwa 400 a cikin daƙiƙa biyar, da sanyin safiya ma ya wuce haka. Batirin tayar da inji faranti sirara ne masu yawa, shi ya sa yake iya amayo wannan wuta lokaci guda. Ga nauyin na sola, ga shi ba ya jure jijjigar gona. Bar shi ga fitila da fanka.

Am 62 kuma ya yi wa wannan inji kaɗan. Injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake har ta yi zafi ta kama man, kuma matsin ya kai ninki 16 ko fiye, alhali na fetur bai cika wuce 10 ba. Idan kik bai juya da sauri ba iskar ba za ta yi zafin da ake buƙata ba, sai ka ga farin hayaƙi kawai. A hunturu, Disamba da Janairu, kana kunna hita kafin ka murza, ita ma tana cin nata rabon.

Lamba biyu za ka duba a jikin batir. Ta farko Ah, wato yawan wutar da yake ajiyewa, ita ce muke cewa am 75 ko am 100. Ta biyu CCA, ƙarfin fizgar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da 7.2V ba. Ba mu da irin wannan sanyi a Sakkwato, amma lambar ce ke nuna ƙarfin juya kik. Ga injinka nemi 12V, daga 75Ah zuwa 100Ah, CCA kada ta gaza 600, in ka samu 700 ko sama ya fi. Ka lura, wasu suna rubuta CA ko MCA da manyan haruffa. Wannan a digiri sifili ake auna ta, lambar takan ɗara CCA da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kada ka kwatanta CA ɗin wannan da CCA ɗin wancan.

Girman batir ba ya ƙona kik muddin 12V ne, kik abin da yake buƙata kawai yake ja. Abin da ke hana ka sa babba shi ne mazauni. Batir mai lambar girma N70 tsawonsa wajen santimita 30 da rabi ne, faɗi 17, tsayi 22 da ɗan wani abu. N100 ya haura santimita 40. Ɗauki tef ka auna mazaunin: tsawo, faɗi, da tazarar da ke tsakanin kan batir da ƙarfen da ke samansa. Ka kuma duba ɓangaren da wayar + take.

Amma kafin ka fitar da ko kwabo, a auna mini abu uku da mitar auna wuta. Batirin bayan ya kwana ba a taɓa shi ba. Batirin a daidai lokacin da ake murza kik. Sai kuma inji na aiki an ɗan taka shi zuwa wajen juyi 1,500 a minti. Batirin da ya mutu kafin shekara, sau da yawa ba shi kaɗai ne mai laifi ba.

Manomin Wurno:

Na gode, Oga. An auna. Da safe 12.1V, ana murza kik ya sauka 8.4V, inji na aiki 13.1V. An taɓa cire tsohon dainamo da ke cajin batir an sa altaneta a madadinsa. Mazaunin tsawonsa santimita 36, faɗi 18, tsayi 25. Kan + ya yi farin gari sosai, wayar − kuma siririya ce, da waya aka ɗaure ta a jikin wani noti.

Makanikin Tarakta Goronyo:

To Alhaji, ga amsarka nan a cikin awon da ka kawo. Cikakken batir da ya huta 12.6V yake nunawa, 12.4V saura kashi uku cikin huɗu, 12.2V rabi ne. Naka ya gaza rabi. Lokacin murza kik bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6V ba. Wanda ya fi damuna shi ne 13.1V ɗin nan. Altaneta mai lafiya tsakanin 13.8V da 14.4V take bayarwa. Da 13.1V batir ba zai taɓa cika ba ko da ka yini kana huɗa, kuma batirin da ke zama rabi-rabi wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, ya daina karɓar caji gaba ɗaya. Ka sa sabo a haka, shi ma hanyar da zai bi ke nan.

Fara da fanbel. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. In ya yi sheƙi ko ya nutse can ƙasan fule, canza shi. In fanbel lafiya, a buɗe altaneta a duba burushi da regileta. Ƙurar huɗar rani tana shiga ciki ta cinye burushi. A kuma tabbatar ƙaramar jar fitilar caji tana kamawa idan an murɗa makulli, domin a altaneta da yawa ta wannan fitila wutar farko ke shiga kafin ta soma caji. Masu juya dainamo zuwa altaneta sukan yi sakaci da ita.

Wayar − kuwa dole ta tafi. Komai cikar rijiya, siririn tiyo ba ya cika kwami. Sa kebul mai kaurin murabba'in milimita 35 (35mm²), in da hali 50, duka + da −, da kawuna na tagulla da aka matse ko aka yi wa dalma, ba a tura waya a ɗaure da ƙusa ba. Ɗaure − a jikin inji ko a notin kik kansa, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗora bakin mita ɗaya a kan + na batir, ɗaya a babban notin kik, a murza. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kada ya wuce 0.5V. A ɓangaren − kada ya wuce 0.3V. Ko ba mita, taɓa kebul bayan an murza: duk inda ya yi zafi nan wuta ke maƙalewa.

Kan girma, ni ba zan tsaya a 75Ah ba tunda akwai wuri. N100 ba zai shiga santimita 36 ba, kuma ban yarda a yanke mazauni ko a ɗaure batir da igiya a gefen taka ba. Amma akwai 100Ah ƙirar Turai, tsawonsa santimita 35 da ɗigo 3, faɗi 17 da rabi, tsayi 19. Zai shiga da ƙyar. Tunda gajere ne sai a sa katako a ƙasa ko a rage maɗauri. Mai aiki da dare da fitilu, ko mai yawan kashewa da tayarwa wurin lodin buhuna, zai ga amfanin wannan ƙarin.

Mai Shagon Batir:

Ina tare da makaniki kan gyaran caji, amma kan zaɓi ina da ja. Yawancin 100Ah ƙirar Turai na motocin hawa ne masu bin kwalta, kuma rufaffu ne. Tarakta ba ta da abin tare jijjiga, gargadar fadama kai tsaye take shiga batir, tana kakkaɓe sinadarin da ke jikin faranti ya taru a ƙasa har ya haɗe ɗaki guda daga cikin ɗakunan batirin. Daga nan za ka ga batir yana nuna 10.5V, ya mutu ke nan. N70Z mai 75Ah irin na manyan motocin aiki, in CCA ɗinsa ta kai 600, ya wadatar da silinda uku, kuma zai bar maka wurin sa roba a gefe da ƙasa. In za a ɗauki 100Ah ɗin, a tabbatar an rubuta na aiki mai nauyi ne ko na injinan gona.

Batun mai ruwa ko rufaffe, zafinmu ne ke yanke hukunci. A watan Afrilu da Mayu Sakkwato tana haura digiri 40, ƙarƙashin bonet kusa da inji ya fi haka nesa. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin raga ta dalma da ke riƙe farantin +. Lissafin da masu ƙera batir ke yi shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Rufaffe ma yana rasa ruwa a wannan zafi, illa dai ba ka da hanyar ƙara masa. Mai murafu shida kuwa kana buɗewa ka gani ka ƙara. Don haka in akwai wanda zai riƙa dubawa duk sati biyu a bazara, mai ruwa ya fi daɗewa. In an san direba ba zai taɓa buɗewa ba, gara rufaffe, domin mai ruwan da aka bari farantansa suka fito fili ba ya dawowa.

A shago kada kunya ta hana ka waɗannan. Ɗaga shi ka ji nauyi, in da sikeli a ɗora: 75Ah na gaskiya wajen kilo 18 zuwa 20 ne, 100Ah ya haura kilo 22. Dalma ce ke ba da wuta, wanda ya yi shafal an rage masa ita ko me aka rubuta a takardar. Nemi ranar ƙira da aka buga a murfi, rufaffen da ya haura wata shida a kan kanta cikin zafin nan ya riga ya soma lalacewa. A ɗora mita a gabanka, kada ka karɓi ƙasa da 12.5V. Mai ruwa da ya zo a bushe, a zuba masa asid a gabanka, a bar shi ya sha na aƙalla rabin awa, a cike inda ya sauka, sannan a yi masa caji a hankali da am ɗaya cikin goma na girmansa, wato am 7 da rabi ga 75Ah, har ya cika. Masu gaggawa sukan ɗora shi nan take, ya tayar da inji kuwa, amma bai taɓa cika ba tun ranar farko. Karɓi rasit mai kwanan wata da takardar garanti. Na hannu da ake wankewa a sake wa takarda, araha ba ta ado. Tsohon naka kuma kawo shi a rage maka kuɗi, ana sayen dalmarsa, kada a zubar da ruwansa a gona ko kusa da rijiya.

Manomin Wurno:

Allah ya saka da alheri. Zan gyara caji da kebul tukuna, in ɗauki N70Z mai ruwa, ni da kaina zan riƙa dubawa. Saura biyu: ruwan burtsatse zai yi wajen ƙari? Kuma taraktar takan zauna wata biyu ko uku tsakanin aikin rani da na damina.

Mai Rewaya Sakkwato:

A'a, Malam, kada ruwan burtsatse ko na rijiya ko na leda ya shiga ciki. Yankinmu ƙasar farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina ana siminti, kuma ma'adinan da ke narke a ruwan ƙasa suna lalata faranti. Tataccen ruwan batir na kwalba kawai. Kada kuma a ƙara asid, ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Cika shi ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya, ko zuwa layin sama da ke jikin kwandon. In ka cika har baki zai yi ambaliya lokacin caji ya ci mazauni.

Wajen ɗorawa, kashe makulli, cire − tukuna sannan +. Wurin mayarwa + ne farko, − a ƙarshe, don in sifana ta taɓa jiki kada ta yi tartsatsi. Kan + ya fi na − kauri kaɗan, ka duba alama da idonka, juya su na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona altaneta. Farin garin nan, jiƙa kanwa a ruwan ɗumi ka wanke kawunan kebul da mazauni da tsohon burushi, kanwa tana kashe asid, amma murafu su kasance a rufe kada ɗigo ya shiga ciki. In ka ɗaure sai ka shafa basilin a sama. Maɗauri ya riƙe batir yadda ba zai motsa da hannu ba, ba har ya lotsa kwando ba. Ba taba ba ashana a kusa, iskar da ke fita lokacin caji tana fashewa.

Kada a murza kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta minti ɗaya. In sau uku bai tashi ba, a duba iska a layin gas ko filta ko hita. Kada a cire kan batir inji na aiki don gwada caji, kada kuma a yi mata jan wuta da 24V na babbar mota.

Lokacin zama, cire wayar −, ko ka sauke batirin ka kai shi ɗaki mai inuwa, ka goge ƙurar samansa domin ƙura mai damshin asid tana jan wuta tsakanin kawunan biyu. Auna shi duk wata, da ya sauka 12.4V a kai shi caji. Tayar da inji na minti biyar a tsaye ba ya mayar da abin da kik ya ci, sai an yi aƙalla rabin awa an ɗan taka shi. A kuma hana yara ɗaukarsa zuwa kallon talabijin ko cajin waya, batirin tayar da inji in an tsotse shi ƙaf sau kaɗan ba ya komawa yadda yake.