Muhawara: SSH kaɗai ya isa a shiga VM, ko sai da mahaɗai?

Bashir: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi abin da na san zai tayar da ƙura, amma ina kan bakana. Duk manhajar da ke son yin magana da VM mai aiki (kwamfutar da aka ƙirƙira da manhaja cikin wata kwamfuta), SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa cikin tsaro) ya ishe ta. Wannan yayin da ake yi na cewa kowane kayan aiki sai ya zo da jerin mahaɗai, wato hanyoyin shiga VM dabam-dabam, wannan na VirtualBox, wancan na VMware, wancan na Amazon, ka zare ɗaya ka soka wani, ƙarin nauyi ne kawai. Tatu Ylönen ya rubuta SSH tun 1995, OpenSSH ya fito a 1999. An daɗe ana tona shi ana gyarawa. Ƙofa ta 22 da mabuɗinka, magana ta ƙare.

Hajara: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, idan hanyar sadarwar VM ɗin ce ta mutu fa? Ka rubuta dokar katangar tsaro ba daidai ba, ta toshe ƙofa ta 22, ko baƙon, wato VM ɗin, bai sami adireshin IP ba. Injin na nan yana aiki lafiya lau, kai kuma kana waje. Ta ina SSH zai bi?

Bashir: Sai in buɗe allon VM ɗin daga wajen mai masauki, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, in gyara da hannu.

Hajara: Na ɗaya ke nan. Idan guda ɗari ne? Kuma ai ba mutum muke magana a kai ba, manhaja ce za ta shiga, ita ba ta da idon kallon allo. Dubi yadda Ansible, manhajar sarrafa kwamfutoci da yawa, ya tsara abin. Aiki uku yake nema daga kowane mahaɗi: gudanar da umarni, tura fayil, ɗauko fayil. Duk wanda ya iya waɗannan ukun ya zama hanya. SSH ɗaya ne daga cikinsu, shi ne ma na asali. Akwai winrm, akwai na Docker, akwai libvirt_qemu, akwai vmware_tools, akwai aws_ssm. Ka sauya layin ansible_connection, sauran rubutunka bai motsa ba. Ina nauyin yake a nan?

Aminu: Ku yi haƙuri, ni sabon shiga ne. Yaya Hajara, idan ba ta hanyar sadarwa ba, to ta ina umarnin ke shiga cikin baƙon?

Hajara: Ta wata kafa tsakanin mai masauki da baƙo kai tsaye. A QEMU, manhajar gudanar da VM, ana saka ƙaramar manhaja cikin baƙon a matsayin wakili, qemu-guest-agent, tana sauraro a kan tashar virtio-serial mai suna org.qemu.guest_agent.0. Mai masauki ya aika saƙon JSON, misali guest-exec, wakilin ya gudanar da umarnin ya mayar da lambar aikin. Sai a riƙa tambaya da guest-exec-status har ya gama, sakamakon ya dawo a naɗe cikin base64. Babu IP, babu katin sadarwa.

Zainab: A ɓangaren Windows ma haka ne. Hyper-V, manhajar gudanar da VM ta Microsoft, na da PowerShell Direct tun Windows 10 da Windows Server 2016, yana bi ta VMBus. Ka rubuta Enter-PSSession -VMName, ka ba da suna da kalmar sirrin baƙon, ka shiga. Malam Bashir, kana magana kamar duk duniya Linux ce. Mu shekara da shekaru WinRM muka sani, ƙofa ta 5985 da 5986. Kayan aikin da bai san komai ba sai SSH, da tuni ya bar mu a baya.

Bashir: Windows na yanzu ai yana zuwa da OpenSSH, Zainab, sai dai ki kunna shi. Kuma ki lura da abin da Hajara ta bayyana da bakinta: aika, jira, sake tambaya, warware base64. Babu allon mu'amala, ba ka ganin sakamako yana fitowa layi-layi, abin da ake kamawa ma yana da iyaka, idan ya wuce sai a datse. Mahaɗin aws_ssm na Ansible kuwa sai ka tanadar masa bokitin S3 kafin ya iya tura fayil. Sai a ce min wai duk ɗaya ne, layi guda kawai za ka sauya. Ba ɗaya ba ne. An lulluɓe bambancin ne, ranar da abu ya lalace kuma kai ne za ka yaye lulluɓin ka fara koyon abin da aka ce ba sai ka sani ba.

Hajara: Wannan na yarda da shi. Sun fi SSH jinkiri, ba kuma kowane aiki suka dace da shi ba. Amma hanya mai jinkiri ta fi ƙofar da ke kulle.

Malam Nura: Na karanta duka. Ku duka kuna ta auna sauri da sauƙi, kun bar tambayar da ta fi damuna: wa ke tantance mai shigowa?

Idan ka shiga ta SSH, baƙon ne da kansa yake duba mabuɗinka, ya yarda ko ya ƙi, ya rubuta a rajistarsa cewa wane ya shigo a lokaci kaza daga wuri kaza. PowerShell Direct da guestcontrol na VirtualBox su ma suna neman suna da kalmar sirrin baƙon. Wakilin QEMU kuwa ba ya tambayar kowa komai. A matsayin root, wato mai cikakken iko, yake aiki, duk abin da ya fito ta tashar nan aiwatarwa yake yi. Ma'ana duk wanda ke da cikakken iko da libvirt, manhajar da ke sarrafa VM ɗin, a kan mai masauki ya zama root a cikin kowane baƙon da ke da wakilin a buɗe. Shi ya sa Red Hat ke fitar da nasu da guest-exec da umarnan fayil a toshe, sai ka buɗe da hannunka. Session Manager na Amazon, wanda aws_ssm ke bi ta kansa, kuma wani tsarin ne dabam: wakilin ne ke kira waje, izini kuma yana hannun IAM, tsarin ba da izini na Amazon.

To ga hanyoyi biyar, huɗu kowacce da mai gadinta, ɗaya kuwa ba ta da shi. A fayil ɗin saiti kuwa bambancinsu kalma ɗaya ce. Nan ne tsorona yake.

Hajara: Ranka ya daɗe, mai masauki ai dama yana riƙe da komai. Yana iya karanta faifan baƙon, yana iya leƙa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya karɓe mai masauki ya gama da baƙi, da wakili ko babu. Sai dai in ana amfani da irin su AMD SEV ko Intel TDX masu ɓoye ƙwaƙwalwar baƙo, wannan kuma wani babi ne.

Malam Nura: Hujjar da aka kawo ke nan a 2023. A watan Yunin shekarar kamfanin tsaro Mandiant ya bayyana rauni mai lamba CVE-2023-20867 a VMware Tools, wakilin VMware da ke cikin baƙo. Gungun da suka kira UNC3886 sun karɓe sabobin ESXi, masu masaukin VMware, daga nan suna gudanar da umarni cikin baƙi ba tare da kalmar sirrin baƙon ba. An ba raunin maki 3.9 kacal cikin 10, don sai ka zama root a ESXi kafin ka yi amfani da shi. Amma abin da maharan suka samu shi ne shiga ba tare da barin sawu ba, domin a saitin asali baƙon bai rubuta shigar ba. Tona faifai da leƙen ƙwaƙwalwa aiki ne mai wahala, yana kuma iya jan hankali. Mahaɗi kuwa ya share hanya ya shimfiɗa tabarma. Masu tsaro suna gadin hanyar sadarwa, abin yana wucewa ta inda ba sa kallo.

Zainab: Amma Malam, SSH ɗin ma ba tsarkakakke ba ne. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar sirrin da aka dasa a xz, manhajar matse fayil; sshd, manhajar da ke karɓar masu shigowa ta SSH, aka nufa da ita. A Yuli kuma kamfanin Qualys ya bayyana regreSSHion, wani rauni a OpenSSH. Ƙofa ta 22 a buɗe ga intanet kullum cikin ƙwanƙwasa take. Session Manager aƙalla ya ba ka damar rufe ta gaba ɗaya.

Malam Nura: Ban ce a zauna kan SSH don ba shi da aibi ba. Ni ba na tare da Bashir a kan a watsar da mahaɗai, ana buƙatarsu. Abin da nake nema shi ne duk manhajar da ta ba ka zaɓin mahaɗi ta faɗa maka ƙarara: wannan da sunan wa yake shiga, wa ya ba shi izini, a ina ake rubuta abin da ya yi. Galibinsu yadda za ka haɗa kawai suke koya maka.

Bashir: To ga abin da zai raba gardamar. Linux na da vsock, virtio-vsock ya shiga tun siga ta 4.8 a 2016. Soket ne tsakanin baƙo da mai masauki, babu IP, lambar CID kawai da ke bambanta kowane inji, ta mai masauki ita ce 2. Daga systemd (manhajar da ke tayar da ayyuka a Linux) siga ta 256 ta 2024, idan akwai sshd a cikin VM kuma an saka masa na'urar vsock, yana sauraro a kanta da kansa. Daga waje ka rubuta ssh vsock/ da lambar baƙon. Hajara ta sami shigarta ko sadarwa ta mutu, Malam Nura ya sami tantancewa da rajista. Kuma SSH ne. Ban faɗa muku ba?

Hajara: Malam Bashir, ka dawo gidanmu ba ka sani ba. Wa ya kai SSH ɗin kan vsock? systemd-ssh-proxy ne, ta ProxyCommand. Ka zare TCP ka soka wata hanya a ƙarƙashi, mahaɗi ke nan. Vagrant, manhajar kafa VM na gwaji, ya daɗe da raba abin gida biyu: mai samar da injin dabam, VirtualBox ko Hyper-V ko libvirt, mai magana da injin dabam, ssh ko winrm. Na farko ne ke gaya wa na biyu inda zai sami baƙon. Ko a VirtualBox ai ta ƙofa ta 2222 ta mai masauki kake bi ka isa 22 ta baƙo, kuma ba kai ka nemo lambar ba.

Bashir: Sauya hanyar da SSH ke bi dabam, maye gurbinsa da wakili marar tambaya dabam. Na farkon na karɓa. Na biyun har yanzu ban karɓa ba.

Aminu: To ni da ke da VM na gwaji a kan KVM da QEMU, tsofaffi ne, systemd ɗinsu bai kai 256 ba. In cire wakilin ne?

Malam Nura: Kada ka cire shi, Aminu. Shi ne ke daskarar da tsarin fayil da guest-fsfreeze-freeze lokacin ɗaukar hoton faifai, shi ne kuma ke faɗa wa mai masauki adireshin baƙon. Ka toshe guest-exec da umarnan guest-file a saitin wakilin, wato qemu-ga, ka yi aikinka na kullum ta SSH. Sannan ka duba su wa ke cikin rukunin libvirt a kan mai masaukin, ka cire duk wanda ba ka yarda ya zama root ba.

Hajara: Idan ya toshe guest-exec, mahaɗin libvirt_qemu ya daina aiki ke nan. Aminu, ka saita serial console tun yanzu, ka gwada virsh console ka ga yana kawo maka wurin shiga kafin ka toshe.