Karena ya daina ji, amma haushinsa sai ƙaruwa yake

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karen da ke mana gadi ya kai shekara 11. Kwanan nan ko kusa da shi ka kira sunansa ba ya waiwayowa, ko an buga ƙofa ba ya motsi. Amma haushi ya fi na da, da ƙarfi kuma, musamman da dare. Wasu sun ce taurin kai ne, wai da kurma ne da ya yi shiru. Kurman kare yana haushi? Kuma me zan yi masa?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam Malam. Yana yi ƙwarai, kuma haushin ba hujja ba ce cewa yana ji. Murya daga maƙogwaro take fitowa: ƙwaƙwalwa ta ba da umarni ta jijiya, huhu ya turo iska, tantanin murya ya kaɗa. Babu inda wannan hanya ta bi ta kunne. Abin da ke sa mutane zaton kurumta da shiru tare suke tafiya shi ne yaro sai ya ji magana kafin ya iya ta. Kare ba koyon haushi yake ba, da shi aka halicce shi. Ɗan kwikwiyo ana haifarsa kunnuwa a toshe, sai wajen kwana 10 zuwa 14 suke buɗewa, amma tun ranar farko yake kuka idan ya ji yunwa ko sanyi. Wanda ma aka haifa da kurumta yakan yi haushi kamar 'yan uwansa.

Ƙarfin muryar kuwa, da alama rashin jin kansa ne ke kawo shi, babu abin da zai auna ta da shi. Ga kuma babban abu: da can kalmar "shiru" ce ke tsayar da shi, yanzu ba ta isa gare shi.

Ka fara gwada shi a gida. Ka bari yana barci ko ya ba ka baya, ka tsaya taku huɗu ko biyar inda ba zai ga ko inuwarka ba. Ka kaɗa makullai, ka yi fito, sannan ka buga cokali a jikin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kana lura da kunnuwansa. Kada ka buga ƙafa a ƙasa, kada ka tafa dab da kansa, domin girgizar ƙasa ko iskar tafin za ta tashe shi ka ɗauka ji ya yi. Idan ya ɗaga kai yana dube-dube bai san ta inda ƙarar ta zo ba, wataƙila kunne ɗaya ne ya mutu. Tabbaci sai gwajin BAER, wanda ke auna saƙon da kunne ke aika wa ƙwaƙwalwa, kowane kunne daban.

Kafin a ɗora wa tsufa, a leƙa kunnen. Dauɗa da ta cushe, mugunya, wari, yawan girgiza kai ko karkatar da shi gefe guda, duk alamun ciwo ne, kuma irin wannan jin yakan dawo idan an yi magani. Don Allah kada a ɗiga masa komai kafin likita ya ga dodon kunnen. Idan ya fashe, magani irin gentamicin ko neomycin na iya shiga can ciki ya kashe jin har abada. Tsinken auduga ma tura dauɗar ciki kawai yake yi.

Mai horon karnuka: Dakta ya gama da kunne, bari in taɓa haushin. Malam, kwana uku ka riƙa lura da abin da ya faru dab da ya fara. Yawanci ba ya wuce waɗannan: ya ga inuwa ko hasken mota a bango, ya shaƙi warin wata dabba, an taɓa shi ba zato, ko ya farka bai ga kowa ba. Na ƙarshen nan ya fi damun kuramen karnuka. Kare mai ji yana kwance yana jin motsinku a ɗaki, hankalinsa a kwance. Kurma idan bai gan ku ba, a wurinsa kun ɓace. Saboda haka kafin ka bar wurin, ka bi ta gabansa ya ga fitarka. Inda yake kwana a bar masa ɗan haske, a kuma kare masa ganin hanya.

Sai ka sake masa yare, daga baki zuwa hannu. Fara da alamar "ka yi daidai": ɗaga babban yatsa, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ka miƙa masa guntun abin da yake so, bai fi girman ƙwayar wake ba. Sau 10 a zama ɗaya, zama biyu ko uku a rana, kowanne kada ya wuce minti biyar. Idan ya gane, duk lokacin da ya dube ka da kansa ka ba shi alamar da lada. Wannan dubawar ita ce tushen komai, domin karen da bai kalle ka ba babu yadda za ka yi masa magana.

Alamar shiru: yana haushi ka shiga gabansa, ka ɗora yatsa a leɓenka, ka jira. Ya yi shiru na daƙiƙa biyu, ɗaga yatsa, lada. A hankali ka ja zuwa biyar, zuwa goma. Inda ake ɓata aikin shi ne a ba shi ladan bakinsa bai rufe ba, sai ya koyi cewa haushi ne ke kawo abinci. Na biyu, kowa a gidan ya ƙirƙiro tasa alamar. A tsayar da guda ɗaya, har yara su san ta.

Wata 'yar uwa a zauren: Malam mai horo, ana sayar da abin wuya mai lantarki don hana haushi, bai fi sauƙi ba?

Mai horon karnuka: A'a Hajiya, ban yarda da shi ba. Karen da tsoro ke sa shi haushi, ka ƙara masa zafin da bai san daga ina yake ba, tsoron ne zai ninku, wani har ya fara cizo. Akwai mai jijjiga kawai irin ta waya, shi yana da amfani, amma don kira ne, ba hukunci ba. A fara jijjiga shi a tafin hannu a jikin kafaɗarsa ana ba shi lada, sai ya saba a ɗaura. Da dare kunna tocila da kashewa ya isa kira, amma kada a yi wasa da jan hasken leza, wasu karnukan sukan zarce da bin haske da inuwa ba ji ba gani.

Tashinsa daga barci ma da ƙa'ida. Ka ajiye hannunka kusa da hancinsa ya shaƙi warinka, sannan ka taɓa kafaɗa a hankali, kullum wuri ɗaya, ya buɗe ido ya tarar da lada. A hana yara faɗa masa ta baya. Waje kuma sai da igiya, tunda ba zai ji hon ɗin mota ba.

Likitan dabbobi: Ƙari ɗaya saboda shekarunsa. Idan haushin dare ya zo da zagaye ba dalili, tsayawa yana kallon bango, barcin rana da farkawar dare, ko fitsari inda bai saba ba, a duba ruɗewar tsufa da ciwon gaɓoɓi, domin horo ba ya maganin su. A gwada idanunsa ma, tunda yanzu da su yake ji. Idan kuma muryar ta dishe, numfashi yana ƙara lokacin shaƙa, musamman a zafi ko bayan gudu, wannan matsalar maƙogwaro ce da ke kama manyan karnuka idan sun tsufa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira.