Neman kalma: gidan da ake tara karnuka da kyanwoyin da aka yasar

Mai Rahoto: Salamu alaikum. Jama'a a taimaka, ƙarfe takwas na daren nan za a saka rahotona, kuma kalma biyu na Turanci sun tsaya min: shelter da adopt. Labarin wasu iyali ne a Landan da suka je gidan Battersea, wanda Mary Tealby ta kafa a 1860, suna shawarar ko su ɗauki kyanwa ko su fasa. An tambaye su ko haya suke, ko mai gidan ya yarda, awa nawa gidan ke yi ba kowa. 'Yarsu ta nace sai wata tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya, uban kuma yana ta lissafin kuɗin likita.

Malamar Firamare: Gidan marayun dabbobi. Kowa zai gane nan take.

Likitan Dabbobi: Hajiya, yawancinsu ba marayu ba ne. Wasu ɓata suka yi, wasu mai su ne ya rasu ko ya koma gidan da aka hana kiwo. Ni mafakar dabbobi zan ce. Kuma kada a ce asibiti, ko da yake kafin a ba ka dabbar sai an yi mata rigakafi, an fiɗiye ta, an sa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. A Ingila wannan na'ura dole ce ga karnuka tun 2016, ga kyanwoyi kuma tun 2024.

Ɗan Nahawu: Duk kuna ta kewaye-kewaye. Muna da makaranta, majema, masaƙa, mahauta. Me ya hana madabbata? Kalma ɗaya tak, a kan awo.

Malamar Firamare: Mai sauraro zai ɗauka maɗaba'a aka ce, ya zaci littattafai ake bugawa.

Likitan Dabbobi: Malam, waɗancan duk daga aikatau aka ciro su. Karanta, jeme, saƙa. Wane aikatau ne dabbata?

Ɗan Nahawu: Masallaci fa? Idan aka yi ta faɗa a rediyo wata uku, za ta zauna. Haka kowace kalma ta fara.

Baƙon Damagaram: Mu nan refuge muke ji a Faransanci, don haka mafaka ta yi mani. Amma don Allah a daina yi kamar Kano kaɗai ke jin shirin. Mu mussa muke cewa, ba kyanwa ba.

Ɗan Nahawu: To, an fara. Daidaitacciyar Hausa ce ake watsa labarai da ita, ba ni na tsara ba.

Baƙon Damagaram: Wa ya daidaita ta, kuma wa aka tambaya?

Dattijo: Ni abin da ya dame ni daban ne, wato a fassara adopt da riƙo. Riƙo na ɗan Adam ne. Ɗan 'yar'uwarka kake riƙo, ka yi masa kaciya, ka yi masa aure. Yau a ce Bature ya ɗauki riƙon kare? Kiwo ake yi wa dabba, a bar shi a kiwo.

Malamar Firamare: Allah ya gafarta Malam, kiwo akwai sa ran amfani a cikinsa, ko nono ko nama ko kuɗin Sallah. Wannan kyanwar mai ido ɗaya ko ɓera ba lalle ta kama ba. Kuma tausayin kyanwa ba Bature ya kawo mana ba, ai mun san dalilin laƙabin Abu Huraira.

Likitan Dabbobi: Saya ma ba zai yi ba. Ana biyan kuɗi, amma na ɗawainiya ne, kuma suna iya hana ka ko da kuɗinka a hannu. Larry, kyanwar gidan Firaministan Birtaniya, daga Battersea aka ɗauko shi a 2011.

Mai Rahoto: Bakwai saura. Na rubuta "mafakar dabbobi", sau ɗaya zan ƙara "wato inda ake kula da waɗanda aka yasar". Ɗayar kuma "ɗauka su riƙe a gida".

Dattijo: "Su riƙe" da sauƙi a kan "riƙo". Ban dai gamsu ba.

Ɗan Nahawu: Ku je da mafakarku. Ni a ajina madabbata zan koyar.

Baƙon Damagaram: Mussar fa?

Mai Rahoto: Kyanwa na sa, Yaya. Edita ya riga ya karɓa.